Ranar Da Muka Sayar Da Ɗalhatu

Ɗalhatu Sabo ya shekara biyar yana buga ƙwallon kwando a Dubai, sana'arsa ke nan, da ita yake ci. Amma in ka tattara duk mintunan da ya yi a cikin fili ranar wasa a waɗannan shekaru, ba za su cika kwana ɗaya ba. Ɗan benci ne. Ƙungiyarsu tana da mai rabon ƙwallo na farko, wato wanda ke ɗauko ta daga baya ya tsara yadda za a kai hari, galibi wani Ba'amurke da ake sauyawa kowace shekara. In wannan ya gaji, ko ya tara laifuffuka, sai koci ya waiwaya ya ɗaga yatsa ɗaya. Ɗalhatu ya tuɓe rigar sama ya shiga, ya yi minti shida, ranar sa'a takwas, ya dawo ya yafa tawul ya zauna.

Ni sunana Mubashir. Ina aiki a wani ofishin kago a Murshid Bazaar, ina auna kwalayen 'yan kasuwa ina rubuta musu suna kafin a kai jirgi. Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya da Ɗalhatu a Al Muraqqabat, gadonsa ta taga, nawa ta ƙofa. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba. Kuma in faɗa tun yanzu, labarin nan ƙyama yake ba ni, ban kuma cire kaina daga cikin waɗanda nake ƙyama ba.

A Gwammaja aka haife shi, babansa mai gyaran keken ɗinki ne. In ya tsaya a cikinmu dogo ne, in ya shiga cikin 'yan ƙwallon kwando sai ka ce ya rako yayyensa. Ya fara wasa a sakandare, a wani fili mai siminti da ya tsattsage, ya buga wa wata ƙungiya a Kano shekara uku, ƙungiyar ta watse. Ya yi aure, ya ga zama ba zai yi ba, ya samu bizar aiki ya zo Al Quoz, unguwar masana'antu ta Dubai, yana ɗaukar kwalaye a wani sito. Bayan gidajen lebura akwai wani fili da 'yan Filifin ke buga ƙwallo ranar hutu. Ya riƙa zuwa yana tsayawa a bakin shinge yana kallo, har ran nan suka rasa mutum ɗaya suka yafito shi. Wata uku bayan haka wani mataimakin koci ya gan shi a wajen. Ƙungiyarsu na da gurbi ɗaya na baƙon da ke zaune a ƙasar, suna neman wanda ba zai yi tsada ba kuma ba zai yi ƙorafi ba. Suka ba shi kwantiragin shekara ɗaya. Kowace shekara kuma sai su sake ba shi shekara ɗaya.

Mutanenmu sun ɗauka aikinsa shi ne minti shidan nan. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san ainihin aikin a tsakiyar mako yake. Ranar Litinin za a ba shi bidiyon mai rabon ƙwallon ƙungiyar da za su kara da ita. Kafin Laraba dole ya zama mutumin nan: yadda yake gudu, inda yake kallo kafin ya miƙa ƙwallo, ƙafar da yake fara jefawa. Sai a sa shi a fili wajen atisaye, manyan 'yan wasa su yi ta koyon tare shi, suna bangazarsa suna kayar da shi, har su san abokin karawarsu kafin su gan shi. Makon da za su haɗu da bahago, komai da hagu Ɗalhatu yake yi a ɗakinmu, buɗe ƙofa, goge haƙori, taje kai, ban da cin abinci. Na sha dawowa daga aiki in tarar da shi a tsakanin gadajenmu yana juyi da dunƙulen safa a hannu, wayarsa jingine da kwalbar man shafawa. A shekara sai ya zama mutum ashirin da wani abu. Babu takardar da ake rubuta wannan a cikinta.

A shekararsa ta uku masu shirya gasar suka fito da wata manhaja ta waya, wasan da ake kira fantasi. Za a ba ka kuɗin wasa ɗari, ba na gaske ba, ka sayi 'yan wasa takwas daga ƙungiyoyin gasar, kowane da farashinsa. Abin da suka yi a fili na gaske shi ake mayar maka maki. Kana iya sayar da wanda ka gaji da shi ka sayi wani, amma kasuwar tana rufewa kowace Juma'a ƙarfe shida na yamma, dab da magariba.

Alhaji Sharfuddeen ne ya kawo mana ita. Dillalin takalma ne, mutumin Fagge, shekararsa ashirin yana zirga-zirga tsakanin Kano da Deira, yankin 'yan kasuwa na Dubai. In ya ɗaga kwali da hannu ɗaya zai faɗa maka ƙafa nawa ta ɓace a ciki. Bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba, amma da ya ji akwai saye da sayarwa a ciki, sai abin ya shiga ransa. Ya buɗe guruf, muka taru mu sittin da uku, 'yan kasuwa, ma'aikatan kago, ɗalibai, har da wani likitan haƙori. Ba a sa kuɗi, don kada a ce caca. Wanda ya zo na ɗaya a wata, ana yi masa tire guda na shinkafa da naman rago a wurin Hajiya Uwa mai abinci, a kuma riƙa kiransa Koci har wata ya ƙare. Iyakar abin da ake ci ke nan. Ina so a riƙe wannan, tire ɗaya na shinkafa da suna na wata ɗaya.

Farashin Ɗalhatu huɗu ne, babu farashin da ya yi ƙasa da wannan a gasar. Dukanmu muka saye shi. In ka tambaye mu, sai mu dafa ƙirji mu ce ai namu ne, ɗan gida, ko maki ɗaya ba ya kawowa ba za mu bar shi ba. Gaskiyar magana kuwa, in ka cike gurbi ɗaya da mai huɗu, kana samun rarar da za ka sayi Ba'amurke mai ashirin. Manhajar tana nuna yawan mutanen da suka riƙe kowane ɗan wasa. A ƙarƙashin hoton Ɗalhatu an rubuta sittin da huɗu, kuma lambar nan ba ta motsa ba shekara biyu. Mu sittin da uku, ta cikon kuwa Hajiya Uwa.

Hajiya Uwa dattijuwa ce 'yar Zariya da ke dafa mana tuwo a wani gida bayan kasuwa. Ba ta cikin guruf ɗin. Ta dai ji muna ta cewa mun sayi Ɗalhatu, sai ran nan ta miƙo min wayarta da jiƙaƙƙen hannu ta ce, "Mubashiru, ni ma saya min shi, kada ya ga kowa ya saya ban da ni." Na buɗe mata, na sa shi, na cike sauran gurabun da duk wanda yatsana ya faɗa a kai. Na ce, "Hajiya, bari in nuna miki inda ake sayarwa." Ta ce, "Bar shi, ina da miya a wuta." Ba ta sake buɗe abin ba.

Daga nan gaisuwa ta lalace. Da can in Ɗalhatu ya shigo kasuwa, a tambaye shi gida, a tambayi matarsa Sauda, a tambayi 'yarsa Kamila. Yanzu sannu ɗaya ake yi masa a wuce kan lamba. "Ɗalhatu, maki uku? Habibi, ka riƙa jefawa da kanka mana, kai kullum sai miƙa wa wasu." Alhaji Sharfuddeen kuma a gaban idonsa yake cewa, "Kayan nan ba ya motsi, amma ba ya cin wuri a sito." A yi dariya, Ɗalhatu ma ya yi. Wannan dariyar tasa ta fi komai ƙona min rai. Na taɓa ce masa, "Kai wai ba ka da zuciya ne?" Ya ce, "Mubashir, mutum sittin da huɗu sun san ranar wasana. A Al Quoz wa ya san ina raye?"

Sau ɗaya Ba'amurken ya yi faɗa da alƙalin wasa aka dakatar da shi. Ɗalhatu ya buga minti talatin da ɗaya, ya ci maki goma sha huɗu, ya miƙa ƙwallo tara da aka zura. Muna can kusurwarmu da tutar Najeriya, muryata sai da ta dishe. Makon nan an saya masa hula, an saya masa turare, Alhaji ya riƙa kiransa zinariya. Mako na gaba Ba'amurke ya dawo, Ɗalhatu ya koma minti biyar, aka koma kiransa kayan sito.

A shekara ta biyar koci ya kira shi ofis ya ce masa an gama magana, za a ba shi kwantiragin shekara biyu da ƙarin albashi, za a sa hannu da zarar an buga wasanni uku da suka rage. Da wannan takardar zai iya kama ɗaki nasa, ya nema wa Sauda da Kamila biza. Bayan tahowarsa aka haifi Kamila, ta kai shekara biyar, zuwansa gida uku kacal, sauran duk ta waya ta san shi. Ya ari tef ɗin da nake auna kwalaye da shi, ya je ya auna wani ɗan ɗaki a layin bayanmu, ya dawo yana nuna min a ƙasa inda katifar yarinya za ta shiga.

A makon ne gwiwarsa ta hagu ta kumbura. Wajen atisaye abin ya faru, yana kwaikwayon wani ɗan wasa mai juyi kwatsam, ya ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Bai faɗa wa kowa a ƙungiyar ba. Ya ga abin da ya faru da mutum biyu kafin shi, ɗan benci mai ciwon gwiwa ba a sa masa hannu. Dabararsa ita ce ya danne ta da ƙanƙara, ya buga minti shida sau uku, a sa hannu, sannan ya yi jinya a hutun wata huɗu da ake yi lokacin zafi. Ban ce ya yi daidai ba, na ma faɗa masa a lokacin. Amma minti goma sha takwas ne tsakaninsa da iyalinsa, kuma gwiwar tasa ce, ba ta kowa ba. Wasan farko ya buga shi, babu wanda ya lura. Saura biyu.

Sai zazzaɓi ya kama shi ranar Laraba, zazzaɓi na gaske. Likitan ƙungiya ya ba shi magani, bai duba ƙafa ba tunda ba ƙarar ƙafa aka kai masa ba, ya ce ya kwanta kwana biyu ya fito wasan Asabar. Labari ya kai kasuwa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Sharfuddeen ya jawo mutum tara suka zo dubiya, da dabino, da lemo, da katan ɗin ruwa.

Kowa ya san yadda ake dubiya a wurinmu. Ka yi sallama, ka ce ya jiki, a ce maka da sauƙi ko da mutum ba ya iya ɗaga kai. Ka yi addu'a, ka ajiye abin da ka kawo, ka tashi. Ba a tonon me ke damun mutum, ba a kuma daɗewa. Waɗannan kuwa suka baje a ƙasa suna hirar kwantena. Ɗalhatu yana kwance da bargo har ƙugu, ƙarƙashin bargon akwai ledar ƙanƙara ɗaure a gwiwa. Ina ta kallon agogo. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya bi gefen katifa, ya fara ɗiga a kan tayil, dab da ƙafar Alhaji.

Alhaji ya kalli ruwan, ya kalli bargon. Ya ce, "Ɗalhatu, zazzaɓin naka a ƙafa yake?" Kafin wani ya yi magana ya miƙa hannu ya yaye bargon, kamar yadda yake buɗe kwali in bai yarda da nauyinsa ba. Dattijo mai furfura, a ɗakin mutane, ya yaye wa majinyaci bargo. Gwiwar ta yi suntum, ta ninka 'yar'uwarta.

Ɗalhatu ya ja bargonsa ya rufe, ya ce, "Alhaji, don Allah wannan ya tsaya a ɗakin nan." Ya kuwa zayyana musu komai, kwantiragin, bizar Sauda, wasanni biyu da suka rage. Ya faɗa musu ne don ya ɗauka mutanensa ne.

"Haba, Ɗalhatu," in ji Alhaji, "khalas, an rufe. Wallahi kalmar gwiwa ba za ta fita daga bakina ba." Sauran ma suka rantse ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya ɗaga hannu ya ja addu'a mai tsawo, muna ta amin. Da aka shafa, yana neman takalminsa, ya juyo ya ce, "Amma shwaiya, ɗan tsaya, tsakani da Allah, kana ganin gobe za ka kai minti nawa?"

Ɗalhatu ya ce, "Yadda koci ya ba ni, insha Allah."

Na raka su. Lif ɗin gidanmu ya lalace, don haka ta matakala muka sauka, hawa huɗu. Kafin mu kai hawa na uku kowa ya zaro wayarsa. Babu mai magana, sai ƙarar takalma, kai a sunkuye, yatsa yana aiki. Mutanen da yanzun nan suka shafa addu'a. A bakin ƙofa Alhaji ya ce min, "Gwiwar nan ba za ta ɗauki minti biyu ba, ni na san kaya in ya lalace. Yalla, mun tafi, sai an jima."

Rantsuwarsa kuwa bai karya ta ba, wannan shi ne abin da har yau yake tinƙaho da shi. Abin da ya rubuta a guruf shi ne: "Jama'a, mun je dubiyar Ɗalhatu. A sa shi a addu'a sosai. Mai hankali ya duba kayansa kafin magariba." Babu gwiwa a ciki. Amma guruf ne na 'yan kasuwa, kowa ya san abin da ake nufi in babban dillali ya ce a duba kaya.

Na hau sama na sake masa ƙanƙara. Barci ya ɗauke shi. Na zauna a bakin gadona ina kallon lambar da ke ƙarƙashin hotonsa. Hamsin da huɗu. Arba'in. Da la'asar ashirin da shida. A gasarmu kowa yana ganin jerin kowa, don haka ina gani likitan haƙori ya tafi, ɗalibai suka tafi, waɗanda suka saya masa hula suka tafi. Ina zaune ina tsine musu a zuciyata, ina kiransu sunayen da ba zan rubuta a nan ba. Ƙarfe biyar da rabi lambar ta zama biyu.

A watan nan ni ne na biyu, maki uku tsakanina da Alhaji Sharfuddeen. Shekara biyu ina wasan ban taɓa zama Koci ba, kullum sai a ƙarshe wani ya wuce ni, kuma Alhaji ba ya gajiya da yi min ba'a a gaban mutane. Na kalli Ɗalhatu yana barci, bakinsa a ɗan buɗe. Na ce wa kaina ai wasa ne, kuɗin ma ba na gaske ba ne, mutum ɗaya ba zai ƙara komai ba tunda an riga an watse. Na tashi na shiga banɗaki na rufe ƙofa. Saura minti biyar a rufe kasuwa na sayar da shi, na sayi wani ɗan Sudan shi ma mai huɗu. Na yi alwala na fito, aka kira magariba na yi salla. Lambar ta tsaya a ɗaya.

Abin da babu wanda ya yi tunaninsa a cikinmu, duk da wayonmu na kasuwa, shi ne manhajar tana fitar da jerin 'yan wasan da aka fi sayarwa kowane mako, kowa yana gani. Ƙungiyar Ɗalhatu tana da wani Ba'indiye mai kula da alƙaluman wasa, shi ma yana buga fantasi. Ya ga ɗan bencinsu, wanda lambarsa ba ta motsa ba shekara biyu, ya faɗo daga sittin da huɗu zuwa ɗaya a yini guda. Ya kai wa koci. A ƙungiyar babu wanda bai san su waye ke riƙe da Ɗalhatu ba, ai suna ganinmu a kusurwa da tutarmu. Koci ya ce in mutanen mutum duka suka gudu daga gare shi rana ɗaya, to sun ga abin da shi bai gani ba. Asabar da safe, maimakon fili, asibiti aka kai shi aka ɗauki hoton gwiwa. Guringuntsi ya yage.

Ƙungiyar ta sa an yi masa aiki, wannan kam sun yi. Amma maganar kwantiragi ta mutu. Koci ya ce masa ciwon bai dame shi kamar ɓoyewar ba, ya kuma juya masa waya ya nuna masa yadda aka gane. Da ya dawo ɗaki da yammacin ranar bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Ya ɗauko tef ɗin awona daga ƙarƙashin matashinsa ya ajiye min a kan gado. Sannan ya kira Sauda. Na fita na ba su wuri, amma ta bayan ƙofa ina jin yana cewa, "A'a, kada ki faɗa mata tukuna."

Bayan aikin suka sake zuwa dubiya, mutanen nan dai, da dabino. Ɗalhatu ya ja bargo har wuya. Suka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, bai ƙara ko harafi ba. Alhaji ya yi jawabi a kan ƙaddara, ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya kuma tuna wa jama'a cewa shi dai bai ambaci gwiwa ba. Wani har ya ce ai laifin Ba'indiyen ne, mai sa ido. Na tsaya a bakin ƙofa, na san ba ni da bakin korarsu.

Ƙarshen wata na zo na ɗaya. Na wuce Alhaji da maki goma sha ɗaya, ɗan Sudan ɗin da na saya kuwa maki biyu ya kawo min a wasannin biyu. Wato ko da na bar Ɗalhatu a inda yake, da na ci. Aka yi tire a wurin Hajiya Uwa, aka zaunar da ni a tsakiya, ana Koci, Koci. Hajiya ta zuba wani a kula ta ce in kai wa Ɗalhatu, ta tambaya ko ya fara taka ƙafar. Na ci naman nan, ba zan ce ban ci ba. Ƙamshinsa har yau ba na son ji.

Da kwantiraginsa ya ƙare, biza ta bi shi. Al Quoz ba za su ɗauki mai dogara sanda su ba shi kwali ba. Ni na ɗaure kayansa a ofishinmu, kwali uku na shekara shida. A ɗaya akwai ƙaramar jakar makaranta mai hoton kyanwa da ya saya wa Kamila tun ranar da koci ya yi masa albishir. Na rubuta Gwammaja a jiki.

Ranar tafiyarsa da hantsi na raka shi tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, inda zai hau zuwa filin jirgin sama, yana dogara sanda, ina ja masa akwati. Babu ko ɗaya daga cikin sauran sittin da biyun da ya zo, wai a ranar ce kwantena ta iso. Muna tsaye muna jiran jirgi ya buɗe jakarsa ya ciro rigar wasansa, mai lamba goma sha ɗaya, a ninke.

Ya ce, "Mubashir, ran da koci ya nuna min wayar, ban ga komai ba sai lambar nan. Ɗaya. Na daɗe ina kallonta. Wallahi ita ta hana ni faɗuwa a ofishin nan." Ya miƙo min rigar. "Ban tambaye ka ba, don na san kai ne. Allah ya bar zumunci."

Jirgi yana shigowa, mutane suna matsowa. Ina da lokacin da zan ce masa Hajiya Uwa ce, ba wata doguwar magana ba ce. Na karɓi rigar da hannu biyu, na ce, "Haba, ai ba komai."

Shekara biyu ke nan. Yana Gwammaja, ya karɓi shagon babansa, da yamma yana koyar da ƙwallo a tsohon filin sakandarensu. Guruf ɗin yana nan, na ji sun kai tamanin, ni na fita. Kowace Juma'a bayan masallaci sai ya kira ni, ya miƙa wa Kamila waya ya ce mata, "Gaishe da Baba Mubashir, wanda bai sayar da ni ba." Yarinyar ta gaishe ni da ladabi, ni kuma in amsa. Rigar tana ƙasan akwatina, ban taɓa warware ninkinta ba.